Fodkas na marubuta: yadda za ka tsamo mai amfani

Buɗe manhajar fodkas, wato shirye-shiryen sauti na intanet, ka rubuta "writing" a wurin bincike, shirye-shirye za su zubo maka ba iyaka, kowanne da hoton alƙalami ko keken rubutu a bangonsa. A cikinsu akwai na masu rubutun talla, akwai na ɗaliban da ke haɗa kundin digiri, akwai kuma waɗanda aka yi fitowa shida aka watsar tun shekara biyar da suka wuce. Mai rubuta ƙagaggen labari ba zai tsinci abin kirki ta wannan hanyar ba, sai dai idan ya taki sa'a.

Matsalar ita ce abu biyu ne aka cusa a jaka ɗaya. Akwai shirye-shiryen da ke magana a kan ƙirar rubutu: yadda ake gina taurarin labari, yadda ake ɗaure zaren labari, yadda ake sa hira ta fito kamar maganar mutane. Akwai kuma masu magana a kan harkar ɗab'i: wakili (mai nema wa marubuci kamfanin ɗab'i), edita, kwantiragi, kason marubuci, kasuwa. Na farkon ba ya tsufa, darasin da aka ɗauka a 2010 a kan mahangar mai ba da labari yana nan daram. Na biyun kuwa yana da ranar lalacewa, yana kuma da ƙasar da aka yi shi dominta. Wanda bai raba su ba zai riƙa neman sabon abu inda tsoho ya fi, ya kuma gina shirinsa a kan ƙa'idar da aka soke tuntuni.

Fara da matsalarka, kada ka fara da sunan shiri. Rubuta ta a jimla ɗaya: tsakiyar littafina ya yi sanyi, ko ban san yadda ake rubuta wa wakili wasiƙa ba, ko an miƙo mini kwantiragi ban gane sakin layi na haƙƙin fassara ba. Daga nan sai ka nemi fitowa guda da ta taɓo wannan matsala. Akasarin manhajoji suna raba sakamakon bincike gida biyu, na shirye-shirye da na fitowa, mutane kuma a na farkon suke tsayawa. Shafin Listen Notes ya fi manhajojin waya wannan aiki, domin yana bincika taken kowace fitowa da bayanin da ke ƙarƙashinta, yana kuma ba ka damar tace sakamako da harshe, da tsawon lokaci, da ranar fita. Tun da manyan shirye-shiryen wannan fanni da Turanci ake yin su, dole kalmomin bincikenka su zama waɗanda mutanen harkar suke amfani da su: "query letter" ga wasiƙar neman wakili, "developmental edit" ga gyaran ginin labari, "point of view" ga mahanga, "book contract" ga kwantiragi. Sa su a tsakanin alamar zance don injin ya neme su a haɗe. Idan fitowar da ka samo ta warware maka abin, to sai ka leƙa sauran shirin.

Rukunonin manhaja suna yaudara. A Apple Podcasts, rukunin Fiction na wasan kwaikwayon sauti ne da labaran da ake karantawa, ba na koyon rubutu ba. Shirye-shiryen marubuta galibi suna ƙarƙashin Books a cikin Arts, inda suka cakuɗe da na masu sharhin littattafai, wasu kuma suna can cikin Education ko Business. Jadawalin farin jini ma abin da ake rububi a wannan makon yake nunawa, ba ya auna zurfi.

Hanyar da ta fi duk waɗannan ita ce bin sawun baƙo. Idan ka ji wata edita ko wani wakili ya yi magana mai ma'ana a wani shiri, sa sunansa a wurin bincike. Mutanen wannan harka suna zagaya shirye-shiryen juna, musamman idan suna da sabon littafi, kuma shirin da ya iya gayyato mai ilimi sau ɗaya yakan sake. Da baƙi uku ko huɗu za ka tara jerin da ya fi wanda kowane jadawali zai ba ka.

Shirye-shiryen ƙira

A wannan ɓangaren, Writing Excuses shi ne wurin farawa ga yawancin mutane. Brandon Sanderson da Dan Wells da Howard Tayler ne suka fara shi a 2008, Mary Robinette Kowal ta shigo a 2011, shirin kuma ya ci kyautar Hugo, ta fagen labaran kimiyya, a 2013. An gina shi a kan fitowa ta kusan minti 15, batu ɗaya tak, sannan aikin gida a ƙarshe. Kuskuren da ake yi da shi shi ne farawa daga sabuwar fitowa a riƙa komawa baya, ko a fara daga ta farko a ce sai an ƙure. Je ka zango na 10, na shekarar 2015. An tsara shi kamar aji na shekara guda, daga samo ra'ayin labari, zuwa taurari, zuwa tsari, zuwa gyara, kuma aikin gidan wannan mako yana hawa kan na wancan. Idan ba za ka yi aikin gidan ba, rabin amfanin ya tafi. Ka sani kuma masu shirin marubutan labaran kimiyya da na duniyar ƙage ne, misalansu daga can suke fitowa, amma abin da suke faɗi game da alƙawarin da shafukan farko suke yi wa mai karatu ya shafi mai rubuta labarin soyayya kamar yadda ya shafi kowa.

Scriptnotes na John August da Craig Mazin, wanda ya fara a 2011, na marubutan fim ne, duk da haka ina ganin marubucin zube ya fi buƙatarsa fiye da yadda yake zato. Dalili shi ne sashen da suke kira Three Page Challenge: masu sauraro su aiko shafi uku na farkon rubutunsu, su kuma su fede su a fili. Akan sa shafukan a bayanin fitowar. Sauke su, karanta da kanka tukuna, rubuta abu uku da kake ganin ba su yi ba, sannan ka kunna. Tazarar da ke tsakanin abin da ka gani da abin da suka gani ita ce darasin. Za ka ji sun tsaya a kan layi guda suna tambaya: wa ke magana a nan, me yake so, me ya sa aka gabatar da mutum biyar a rabin shafi ba wanda aka bai wa fuska? Tsofaffin fitowa sai da biyan kuɗi, amma rubutaccen zancen yana shafin John August kyauta.

Shirin ƙagaggun labarai na mujallar The New Yorker wani iri ne daban. Kowane wata wani marubuci yana zaɓo gajeren labari daga taskar mujallar, ya karanta shi gaba ɗaya, sannan su tattauna da edita Deborah Treisman. Ba a ba ka ƙa'ida ko ɗaya. Abin da kake samu shi ne jin yadda ƙwararru biyu suke karatu, inda suke tsayawa, da abin da suke ganin marubucin ya ɓoye da gangan. Tsayar da sautin da zarar an gama karanta labarin, ka ba kanka minti goma kafin ka ji nasu ra'ayin.

Akwai kuma masu koyar da tsarin labari daki-daki, irin Helping Writers Become Authors na K.M. Weiland, inda za a ce maka babban juyi na farko ya faɗo wajen kashi 25 cikin ɗari na littafi, na tsakiya a kashi 50. Wannan yana da amfani a lokacin gyara, idan daftari ya kammala kana neman inda ya yi rauni. A lokacin rubutun farko kuwa yakan daskarar da mutum, ya zauna yana lissafin shafi maimakon ya bi tauraronsa. Duk shirin da ya ce ga hanya ɗaya tilo da ake gina labari, nemi wani da ya saɓa masa ka saurara a mako guda.

Shirye-shiryen hira da fitattun marubuta, kamar World Book Club na BBC da Harriett Gilbert take gabatarwa tun 2002, suna da daɗin ji, suna ƙara ƙwarin gwiwa. Ba su cika koyar da aiki ba, domin wanda ya gama littafi yakan ba da labarin rubuta shi a tsare fiye da yadda abin ya faru.

Harkar ɗab'i, inda ake tafka asara

Hanya biyu ce, kuma kowane shiri yana tsaye a kan ɗaya ko bai faɗa ba. Ta farko ita ce ta kamfanonin ɗab'i. A kasuwar Amurka da Ingila, manyan kamfanoni biyar, wato Penguin Random House, HarperCollins, Simon & Schuster, Hachette da Macmillan, galibi ba sa karɓar littafi kai tsaye daga marubuci, sai ta hannun wakili. Marubuci ya gama littafinsa, ya rubuta wasiƙa ta shafi ɗaya, kalma 250 zuwa 350, ya haɗa da shafukan farko ya aika. Idan wakili ya karɓa, shi zai kai wa editoci. Ladansa kashi 15 cikin ɗari na abin da marubuci ya samu a cikin gida, kashi 20 a haƙƙin fassara da na ƙetare, kuma ba ya karɓar ko sisi kafin a sayar da littafin. Kamfani yana biyan kuɗin kafin alƙalami, ba a dunƙule ba: wani kaso a ranar sa hannu, wani idan an karɓi littafin bayan gyara, wani a ranar fitowa, wani lokaci har da na huɗu bayan shekara. Kuɗin nan ba kyauta ba ne, daga kason marubuci ake cire shi. A ce an ba ka 10,000, kasonka kuma 1 ne a kan kowane kwafi. Sai an sayar da kwafi 10,000 kafin ka sake ganin wani abu. Daga sa hannu zuwa ganin littafi a kanti yakan ɗauki wata 18 zuwa shekara biyu.

Na kawo waɗannan ne don su zama ma'auni. Shirin da ke magana a kan wannan hanya bai taɓa ambaton ko ɗaya daga cikinsu ba, mai shi bai shiga harkar ba. Waɗanda suka fi amfani su ne na wakilai da kansu. Print Run na Laura Zats da Erik Hane yana bayyana yadda kamfanoni suke tunani da dalilin da ya sa littafi mai kyau yake rasa mai saye. Akwai kuma shirin marubuciya Bianca Marais da wakilai biyu, Carly Watters da CeCe Lyra. Sunansa yana da 'yar baƙar magana a ciki, neme shi da sunayensu. A sashensu na Books with Hooks ana karanta ainihin wasiƙun da masu sauraro suka aiko tare da shafi biyar na farko, a faɗi abin da zai sa a ƙi su. Bayan fitowa goma za ka ga laifuffukan ba su da yawa, maimaita kansu suke yi: wasiƙa ta ba da tarihin duniyar labari ta manta da abin da tauraro zai rasa idan ya gaza, an kwatanta littafin da wani da ya fito shekara ashirin baya maimakon na shekarun nan, yawan kalmomi ya zarce abin da aka saba, alhali labarin manya na farko yakan tsaya tsakanin kalma 70,000 da 100,000.

Hanya ta biyu ita ce marubuci ya wallafa da kansa. The Creative Penn na Joanna Penn, wanda ya fara a 2009, yana cikin mafi daɗewa, kuma kowace fitowa tana da rubutaccen zance a shafinta. A nan ne kwanan wata yake zama komai. Fitowar da aka ɗauka kafin 2018 za ta tura ka CreateSpace na Amazon don buga littafin takarda, alhali an narkar da shi cikin KDP, dandalin Amazon na masu wallafa da kansu, a wannan shekarar. Wadda aka ɗauka a farkon 2015 za ta ce Kindle Unlimited, tsarin Amazon na aron littattafan lantarki, yana biya ne a kan kowane aro, amma tun watan Yulin 2015 a kan shafukan da aka karanta ake biya. A 2023 Amazon ta fara tambayar ko na'ura ce ta samar da rubutu ko hoton littafi. A watan Yunin 2025 ta rage kason littafin takarda mai arha daga kashi 60 zuwa 50. Ko sanannen kashi 70 na littafin lantarki yana da sharuɗɗa: sai farashin ya faɗa cikin iyakar da kamfanin ya gindaya, sai mai saye yana cikin ƙasashen da aka lissafa, ana kuma cire kuɗin isar da fayil, in ba haka ba kashi 35 ne. Shiga KDP Select kuwa, tsarin da ke sa littafinka cikin Kindle Unlimited, yana nufin kwana 90 ba ka sayar da littafin lantarkinka a wani wuri ba, kuma yana sabunta kansa idan ba ka cire alamar ba. Saboda haka duk wata lamba ko ƙa'ida da ka ji a fitowar da ta haura shekara biyu, je shafin kamfanin ka tabbatar kafin ka yi aiki da ita.

Sai batun ƙasa. Mai magana daga Amurka zai ce maka sayi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Bowker, na Ingila ya ce Nielsen. Kusan kowace ƙasa tana da hukumarta, a wasu ƙasashen ma kyauta ake bayarwa. Haka dokar haraji, haka hanyar karɓar kuɗi, haka ma wajibcin wakili: ƙananan kamfanoni da yawa, da kasuwannin harsuna da dama, kai tsaye suke karɓar littafi. Abin da ke tsallake iyaka shi ne fahimtar kwantiragi: wane haƙƙi ka bayar, a wane yanki, a wane harshe, na tsawon wane lokaci, kuma da wane sharaɗi zai dawo hannunka.

Kafin ka ba wani shiri amana, gwada shi da fitowa uku: sabuwa, da wata ta shekara biyu baya, da wadda ta taɓo abin da ka riga ka sani sosai. Ta ukun ce alƙali. Idan ya yi kuskure ko ya yi shawagi a inda kake da sani, haka yake yi a inda ba ka da shi. Duba mai gabatarwar: me ya wallafa, da wane kamfani, a wace shekara? Idan wakili ne, littattafan wa ya sayar? Lissafa kuma minti nawa suka wuce kafin a shiga batu. Minti biyar na gaisuwa ba laifi, minti ashirin a shirin minti arba'in cin lokaci ne.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce wa ke biyan kuɗin shirin. Kusan kowane mai fodkas yana sayar da wani abu, ko kwas, ko aikin edita, ko manhaja, ko littafinsa, kuma wannan ba aibi ba ne matuƙar ya faɗa. Abin lura shi ne inda kowace matsala take ƙarewa a kan abin sayarwar, ko inda baƙo yake zuba labarin dukiyar da ya tara ba tare da an tambaye shi nawa ya kashe a talla ba. Kuɗin shiga daban, riba daban, kuma waɗanda suka gwada hanyar suka faɗi ba a gayyatar su hira. Mafi haɗari su ne kamfanonin da ke kiran kansu masu ɗab'i alhali marubuci ne zai biya su, su yi masa romon baka a kan rarraba littafi a duniya, ya sa hannu a cinikin biri a sama. Tsohuwar ƙa'idar marubuta ita ce kuɗi zuwa wajen marubuci yake gangarowa. Duk sunan kamfani ko wakili da ka ji a talla, bincika shi a Writer Beware, shafin da Victoria Strauss take kula da shi ƙarƙashin ƙungiyar marubutan labaran kimiyya ta SFWA, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana tattara irin waɗannan koke-koke.

Saura kayan aiki. Fodkas na sa'a guda da aka adana a kan 128 kbps yana cin kusan megabait 58, na 64 kbps kuma rabin haka. Idan ka bi shirye-shirye goma ka bar saukewa ta kai-da-kai a kunne, waya za ta cika cikin 'yan makonni. Kashe ta, ka riƙa zaɓar fitowa da hannu, ka kuma kunna gogewa bayan sauraro. Shiri uku sun isa a lokaci guda: ɗaya na ƙira, ɗaya na hanyar ɗab'in da ka zaɓa, ɗaya na jin daɗi. Idan lafazin masu magana yana yi maka sauri, mai da gudun sautin 0.8, ka buɗe rubutaccen zancen kana bi. Apple Podcasts ta fara samar da shi da kanta a 2024, wasu shirye-shiryen kuma suna sa nasu a shafinsu. Rubutaccen zance yana da wani amfanin: bincika kalmar da kake nema a ciki kafin ka kashe sa'a guda, wani lokaci minti shida ne kawai suka shafe ka.

Sauraro a kan hanya ba ya zama a kai. Ajiye fayil ɗaya, kowace fitowa layi uku: sunan shiri da lambar fitowa, mintin da aka faɗi abin, da babin littafinka da za ka gwada shi a kai. Idan layi na ukun ya ƙi cikuwa sau uku a jere, cire shirin daga jerinka.

Manhajoji ma suna mutuwa. Stitcher ta rufe a 2023, Google Podcasts ta bi ta a 2024, wanda bai kwashe jerinsa ba kuma ya koma tattarawa daga farko. Pocket Casts da AntennaPod suna ba ka damar fitar da jerin shirye-shiryenka a fayil ɗin OPML, wanda manhajojin fodkas da yawa suke iya karɓa. Fitar da shi duk bayan 'yan watanni ka aika wa kanka ta imel. Fayil ɗin sunayen shirye-shirye da adireshinsu kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar inda ka tsaya ko fitowar da ka yi wa alama, don haka waɗannan sai ka rubuta su a fayil ɗin bayananka.